Kibiya ɗaya a kan tabulo ta gagare mu

Ka zaga unguwannin Yamai bayan isha'i idan jarrabawar BEPC ko BAC ta ƙarato, daga Yantala zuwa Talladje, daga Bukoki zuwa Gamkalle, za ka gan su ƙarƙashin fitilun titi. Kowa da kayensa a hannu, yana kai yana kawo, baki na motsi, yana nanata jimla ɗaya har sai ta zauna. Mu kuma mu wuce muna sa musu albarka, muna cewa yaran nan suna ƙoƙari. Ƙoƙari kam suna yi, wallahi har ya wuce kima. Amma tare ɗaya daga cikinsu, ka ce ya rufe kayen ya gaya maka da bakinsa yadda abin da ke shafi na uku ya haɗu da abin da ke shafi na goma. Sai yaro ya yi tsuru-tsuru. Kada ka ce masa daƙiƙi, don tun daga CI har inda ya kai babu wanda ya taɓa yi masa irin wannan tambaya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganin wannan ciwo ba ya cin ko dala. Alli ne da tabulo. In babu alli akwai gawayi, in babu tabulo akwai ƙasa. Dabara ce da masana koyarwa ke kira taswirar tunani. Ka fara da tambaya guda. Ka rubuta abubuwan da suka shafe ta, kowanne ka kewaye shi, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Sannan ka ja kibiya daga wannan zuwa wancan, ka kuma rubuta a jikin kibiyar abin da ya haɗa su: wannan ke haifar da wancan, wannan ke hana wancan, wannan reshen wancan ne. A nan gizo ke saƙa. Wanda ya gane darasi zai ja kibiyar ya faɗi dalilinta. Wanda ya haddace kawai, allin zai tsaya masa a hannu.

Kuma ba jiya aka zo da ita ba. Tun 1972 Joseph Novak da abokan aikinsa suka fito da ita a Jami'ar Cornell ta Amurka. Suna bin wasu yara ne shekara da shekaru, suna hira da su don su ga yadda fahimtarsu ta kimiyya ke sauyawa, sai takardun hirar suka yi musu tsibi, suka rasa yadda za su gane wane yaro ne ya ci gaba, wane ne yake maimaita kalmomi kawai. Da suka fara zana abin da kowane yaro ya faɗa, da'ira da kibiya, sai kan yaron ya fito fili a takarda ɗaya. Tushen aikin daga David Ausubel ne, wanda tun 1963 ya dage cewa sabon ilimi ba ya kama kai sai ya sami abin da zai ratayu a jikinsa daga abin da mai koyo ya riga ya sani. A 1984 Novak da Bob Gowin suka fitar da littafi don malaman makaranta. An haura shekara 50 ke nan da fara abin. Mu har yanzu muna nan, mushe ya juya baya ya cika tabulo da rezime, yara su kwafe, gobe su amayar, jibi su manta.

Bari in ɗauki abin da babu ɗan Yamai da zai ce bai sani ba: kogi. Kowane ɗan lakwal zai karanto maka cewa kogin Isa ya taso daga tsaunukan Gini, tsawonsa kusan kilomita 4,200, ya ratsa ƙasarmu tsawon kilomita 550. Daidai ne. To me ya sa yake cika sau biyu a shekara a nan birnin? Me ya sa ruwan Agusta da Satumba ja ne jawur kuma yakan zo da hauka, na wajen Janairu kuma yakan taso a hankali, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu? Amsar tana cikin litattafansu, amma a warwatse, wani guntu a darasin labarin ƙasa, wani a kimiyya, wani a tarihi. Ruwan Janairu na Gini ne, ya yi watanni yana jan ƙafa a babbar fadamar Mali kafin ya iso mu, lakarsa ta kwanta a hanya. Jan ruwan kuwa na kusa ne, Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararo shi daga wajen Burkina Faso, ga kuma ƙoramun da ke kewaye da mu irin su Kourtéré. Tun farin 1973 da na 1984, ga sarar itace, ga noma da ya cinye daji, ƙasa ta zama tsirara ta yi tauri, ruwa ya daina shiga cikinta sai dai ya gudu a kanta, ya kwashi yashi ya jibge a kogi. Kogi ya cushe, mutane kuma suka gina gidaje a hanyar ruwa. A Satumban 2020 ruwa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi yana mita 6.20, shingen Lamordé ya ɓalle, Harobanda da ke hayin kogi ta kwana cikin ruwa.

Duk wannan sarƙa ce, kowane zobe riƙe da ɗan'uwansa. Yaron da ruwa ya ci ɗakin uwarsa yana da haƙƙin ya ga sarƙar.

Ɗiyar ƙanwata tana aji huɗu na kwaleji, a can hayin kogi suke zaune, kuma da idonta ta ga ruwan 2020 ya shigo musu tsakar gida. Ta kawo mini takardarta da murna, ta ci 17 bisa 20 a darasin kogi. Na sa mata albarka, sannan na tambaye ta dalilin jan ruwan damina. Ta ce, "Kawu, ba a ba mu wannan ba." Ka ji fa. Ba a ba mu ba. Ilimi ya zama abin da ake miƙo maka a ƙunshe ka adana, ranar jarrabawa ka mayar wa mai shi. Na karyo tsinke na ba ta, muka durƙusa a tsakar gida. Na ce ta rubuta ambaliya a ƙasa ta kewaye, ta rubuta duk abin da take jin yana da hannu a ciki. Ta sa ruwan sama, ta sa Gini, ta sa yashi, ta sa gidaje. Kibiyarta ta farko daga Gini ta ja ta zuwa ambaliyar Satumba, kuma nan take na ga inda kanta ya karkace, abin da makin 17 ya rufe ruf. Na ce ta lissafa tafiyar ruwa daga can zuwa nan, ta yi shiru, ta goge kibiyar da tafin hannu. Can na tambaye ta daga ina yashin yake. Ta ce daga tudu. Me ya sa da can bai zubo haka ba? Sai ta ɗaga kai ta dubi tarin itacen da ke jingine a bakin madafar uwarta, ta sunkuya ta rubuta itacen girki, ta ja doguwar kibiya da kanta har zuwa yashi. Ta ce, "Kawu, ashe har da mu a ciki." Ko rabin sa'a ba mu yi ba. Tsinke ne da ƙasa.

To yanzu zo ka ga munafunci. Wannan dabarar da aka hana yaranmu, manyanmu sun san ta sarai. Duk wanda ya taɓa shiga taron bita na wani shiri mai kuɗin waje a otel-otel ɗin birnin nan ya gani. Na zauna a irinsa, ɗaki mai sanyi, na'ura na haska bango, an raba wa kowa katuna masu launi da manyan alƙaluma. Aka ce mu zana bishiyar matsala, saiwoyi a ƙasa su ne sababi, rassa a sama su ne sakamako. Ga daraktoci, ga masu duba makarantu, ga ƙwararru da rigunan shadda, kowa na liƙa katinsa yana jan kibiya yana jayayya da na kusa da shi, a ce wannan ne ya jawo wancan, wani ya ce a'a, juya ta. Har matsalar da ake zanawa ita ce lalacewar ilimi! Aka ɗauki hoto, aka ci nama, aka sa hannu aka karɓi kuɗin zama, aka naɗe takardun aka jefa bayan mota. Ranar Litinin ɗaya daga cikin masu jan kibiyar nan zai shiga aji ya duba malami, abin da zai tambaya shi ne ko an gama manhaja, ko kayen yara ya cika, ko an ja layi da jan bik ƙarƙashin kan darasi. Wato idan za a nemo kuɗin Turawa, dole a nuna an san yadda abubuwa ke haɗuwa. Idan ɗan talaka ne zai koyi kogin da ke cin gidansu, ya haddace tsawonsa ya yi shiru.

Wani zai ce ai akwai zane-zane a litattafan yara, ga su nan a darasin kimiyya, akwatuna da kibau. Na sani, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Mushe ne ke zanawa a tabulo, yara su kwafe da rula, su shafa launi, a ba da maki don tsabta, sannan su je ƙarƙashin fitila su haddace zanen kamar yadda suke haddace jimla. Har kibiyar ma an mayar da ita hadda! Amfanin taswirar duk yana cikin yaro ya zana da hannunsa, ya yi kuskure, na kusa da shi ya ce ban yarda ba, su yi gardama, malami ya leƙo ya ga kibiyar da ta juya baya ya gane abin da ya shige musu duhu. Taswirar da wani ya zana maka ka haddace, da ita da babu duk ɗaya. Tarin bulo komai yawansa ba ya zama ɗaki sai an ɗora wannan kan wancan da siminti, mu kuwa shekara 13 muke sauke wa yaro bulo a ka, sannan mu ba shi takardar shaida mu ce ya gina.

Na san abin da ke bakinka, ɗan'uwa. Za ka ce wannan mutum yana zancen kibiya alhali yara na zaune a azuzuwan zana. Ban manta ba. Ba zan manta da 13 ga Afrilun 2021 ba, ranar da gobara ta cinye yara 20 a makarantar unguwar Pays-Bas a nan Yamai, kafin shekarar ta ƙare kuma aka sake yin irinta a Maraɗi. Na san akwai ajin da yara suka haura 80, uku ko huɗu a teburi ɗaya, littafi ɗaya ana wawaso. Na san sakamakon binciken PASEC na 2014, wanda ya nuna fiye da yara 9 cikin 10 na ajin ƙarshe na firamare a ƙasar nan ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba, haka a lissafi, na 2019 kuma ya nuna an ɗan motsa amma kusan 7 cikin 10 suna nan a ƙasa a karatu. Gina aji yana son miliyoyi, buga littafi yana son miliyoyi, a yi ta jiran kasafi. To wannan fa, me yake so? Wane kasafi ake jira kafin malami ya raba yara gida-gida, ya ba su tambaya ɗaya, ya ce kowane gida ya zana amsarsa a ardwaz? Talauci gaskiya ne, amma an mayar da shi bargon rufe duk wata kasala. Wanda ba shi da littafi ai shi ya fi bukatar a koya masa riƙe ilimi a kai ta hanyar da ba za ta zube ba.

Akwai kuma maganar da ake ta kewaye-kewaye a kanta. Abin da ake rubutawa a jikin kibiya, wato saboda, sai dai, yana hana, yana jawo, a nan tunani yake, kuma mutum ba ya iya wannan da harshen da yake tsoro. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci, aka jefa shi aji ana yi masa Faransanci tun ranar farko, aka yi masa dariya ko bulala in ya yi kuskure, me ya rage masa in ban da hadda? Hadda ce mafakarsa, don jimlar mushe ba ta da kuskure, tasa kuwa tana iya jawo masa duka. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar da ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana, ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka tun 1964, ya yi kira a koyar da yara da harsunansu. Muka ɗauki sunansa muka sa wa jami'a a 1992, muka ajiye maganarsa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri. A Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Takarda kan takarda. Shekara 50 ana gwaji, waɗanda aka fara gwajin da su sun yi jikoki. Ni ban ce a jefar da Faransanci gobe da safe ba. Na ce a bar yara su yi gardamar kibiyarsu da harshen da suke mafarki da shi, in sun daidaita a rubuta da wanda ake so. Wannan ma sai an yi taron bita?

Kada kuma wani ya tashi ya ce mini wannan dabarar Nasara ce, mu al'adarmu hadda. Ƙarya ne. Hadda tana da gurbinta, da ita muka riƙe Alƙur'ani, kuma babu mai hankalin da zai ce yaro kada ya haddace jadawalin lissafi. Amma je ka zauren malamin da ke raba gado ka gani. Na ga wani dattijon malami ya share ƙasa da hannu a gaban magada, ya sa mamaci a tsakiya, ya ja layi zuwa matarsa, ya ja zuwa uwarsa, ya ja zuwa ƴaƴa, ya ja zuwa ɗan'uwansa shaƙiƙi. Ya ce mata tana da ɗaya bisa takwas saboda akwai ƴaƴa, da babu da ɗaya bisa huɗu ne. Uwa tana da ɗaya bisa shida. Sai ya sa yatsa ya datse layin ɗan'uwan, ya ce ɗa namiji ya katange shi. Wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta matso ta nuna layi ɗaya ta ce, "Malam, da yaron nan mace ne fa?" Ya ce madalla, ya goge ya sake zanawa, kowa ya ga yadda rabon ya juye. A makarantun zaure ma haka ake, malami ya karanta Larabci guntu-guntu ya fassara da harshen ɗalibi, ɗalibi ya tambaya. Kakanninmu sun san bambancin riƙe magana da gane ta. Lakwal ce ta ɗauki haddar ta yar da fassarar.

Ban ɗora wa malamai laifin duka ba, kada a bar jaki a daki taiki. Malamin kwantiragi da aka ba ɗan gajeren horo aka tura shi aji, yana jiran albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, shi ma da rezime aka rene shi, a makarantar horon malamai ma an karanto masa darasin sababbin dabarun koyarwa ya kwafe a kaye ya haddace. Ka ji abin takaici, a haddace darasin da ke cewa a daina hadda. Kuma ko ya so ya canza, yana tsoron ranar jarrabawa, don ya san mai gyaran takarda yana riƙe da amsar da aka tsara, yana neman kalmomin da aka ja wa layi. Yaron da ya bayyana abu daidai da tasa fahimtar yana iya faɗuwa, wanda ya zubo jimlar littafi ba tare da ya san inda ta dosa ba ya haye. Iyaye ma muna ciki. Mu ne muke buɗe kaye mu ga ya cika da rubutu mu ce wannan malami yana aiki, in muka ga da'irori da kibau da goge-goge mu tafi wurin darakta mu kai ƙara cewa ana wasa da yara.

Abin mamaki, a birnin nan cibiyar binciken yanayi da ruwa ta AGRHYMET take tun 1974, a nan hedkwatar hukumar kogin Isa ta ƙasashe 9 take, masu binciken da suka san sarƙar ambaliyar nan zobe-zobe suna shan shayi a unguwa ɗaya da yaran da ke haddace tsawon kogi. Ga Jami'ar Abdou Moumouni da babbar makarantar horon malamai a hayin da ruwa ke ci. Ga INDRAP da aka kafa musamman don rubuta litattafai da gyaran koyarwa. Masu sani ba su yi mana kaɗan ba.

Tunda kowa jarrabawa yake bauta wa, to a bi ta nan. A sa tambaya ɗaya tak a BEPC, a labarin ƙasa ko kimiyya: ga kalmomi goma, haɗa su da kibau, rubuta abin da ya haɗa kowane biyu, kuma duk haɗin da ya yi ma'ana a ba shi makinsa ko bai yi kama da na mai gyara ba. A sanar tun watan Oktoba, ranar komawa makaranta. Wallahi kafin hutun Disamba za ka ga kibau a kowane tabulo daga Yamai har Diffa, masu darasin gida na kuɗi ma za su riga kowa koya. Ba a bukatar rancen kowa, ba a bukatar ƙwararre daga waje, sa hannun mutum ɗaya ne a ma'aikatar ilimi. Waɗanda za su sa hannun sun iya jan kibiya, da idona na gan su suna ja a otel.